Ba wayata ce ta tsufa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirin ranar Talata ya ɓata mini rai. Wai duk wanda bidiyo ke tsaya masa, ko wayarsa ce ta tsufa ko kuma yana ƙyashin sayen data. Mai gabatarwa ya ce "haka ne", aka wuce.

To, ga ni a shagona na ɗinki a Funtuwa. Waya ɗaya, layi ɗaya, benci ɗaya. In na buɗe YouTube sai in saurari tafsirin awa guda bai tsaya ba ko sau ɗaya. Amma wata manhaja da nake biya duk wata saboda ƙwallo, ana minti goma da take wasa sai hoto ya daskare, ɗan zoben nan ya yi ta juyi. Ranar Asabar ihun gidan kallon bayan layinmu ne ya gaya mini an ci, ni kuwa ɗan wasana yana nan ƙafa a sama. Tsakanin wannan manhaja da waccan ne wayar ta tsufa?

Ƙanena da ke aikin haɗa intanet a Kaduna shi ya warware mini. Google da Netflix suna girka na'urorin ajiyar bidiyo a cikin kamfanonin sadarwa, don haka abin da jama'a ke yawan kallo yana kusa da mu. Wanda bai yi wannan tanadi ba, sai an ɗebo bidiyonsa daga Turai ta wayar ƙarƙashin teku, ya sauka Legas, sannan ya kama hanyar Arewa. Kuma YouTube in ya ga sabis ya yi sanyi yakan sauke hoton har 144p, ya yi dishi-dishi amma yana tafiya. Ƙwallo kai tsaye kuwa ba a tara ta tun da wuri, kuma kowa lokaci guda yake afka mata.

Baƙon naku ya manta 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa har aikin banki ya gagara? Ranar ma wayoyinmu ne? Tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 muke jin jiki, shi kuma yana cewa mu ƙara saye.

Af, lambar da kuke bayarwa a kira ku. Sau bakwai na kira ranar, tana shiga ba a ɗauka, ga talla kun cika rabin shirin da ita. Ku sa mutum a kanta ko ku daina karanta ta.

Naku mai sauraro,
Wani tela, Funtuwa