Kada Ajin Terminal C Ya Mutu a Hannunmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyayen yara da shugabannin makarantu na jihar Damagaram game da wani al'amari da yake lalacewa a hankali ba tare da an ɗaga murya a kansa ba, wato yadda ɗalibanmu suke gudun seri C, ɓangaren da ake zurfafa lissafi da fizik a shekaru biyu na ƙarshen lise, har zuwa terminal, ajin ƙarshe. Ni malamin lissafi ne a wannan gari, kuma abin da zan faɗa a cikin aji na gan shi.

Ga wanda bai san tsarin ba, yaron da ya ci birbe, jarrabawar ƙarshen kolej, yakan shiga ajin farko na lise, wato segon A, ɓangaren adabi da harsuna, ko segon C, ɓangaren kimiyya. Wanda ya bi ta kimiyya, a ƙarshen shekarar segon hanya take rabe masa biyu: ko ya nufi seri D, inda ilimin halittu yake da babban matsayi, ko ya nufi seri C, inda lissafi yake jan ragama kuma makinsa yake da nauyi sosai a jarrabawar bak ta ƙarshen lise. Wannan yana nufin cewa shawarar da za ta buɗe wa yaro ƙofar zama injiniya ko malamin lissafi, ko ta rufe masa ita, ana yanke ta ne shekara biyu kafin bak, yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, kuma sau da yawa ba a ofishin makaranta ake yanke ta ba, a fada ake yanke ta wajen shan shayi. Can ne yayansa zai ce masa: "Kai, kada ka kashe kanka, ɗauki D ka samu bak ɗinka ka huta." Idan yarinya ce, maganar ta fi haka gajarta, domin za a ce mata wannan karatun ba na mata ba ne. Na ga ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda suke warware aikin da na ba su tun kafin in gama share allo, sun bi wannan shawara, har ya kai ga akwai makarantun da ɗaliban terminal C ɗinsu ba sa cika benci uku, wasu kuma sun daina buɗe ajin gaba ɗaya.

Ban zo in ce karatun mai sauƙi ne ba. Yana da wuya, yana cin dare, kuma wanda ba ya son zama da tambaya ɗaya na tsawon awa guda ba zai ji daɗinsa ba. Amma ina ganin yawancin masu tsoratar da yaran ba su taɓa sanin abin da ake koyarwa a cikinsa ba, don haka bari in kawo misali. A darasin ilimin lambobi muna koyar da lissafin ragowa. Idan yau Alhamis ce, ranar da Kasuwar Dole take cika, wace rana ce za ta kama bayan kwana 100? Ba sai an ƙirga da yatsu ba. A raba 100 da 7, ragowar 2 ce, saboda haka Asabar ce. Wannan ƙaramar dabara, idan aka haɗa ta da lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, ita ce ginshiƙin hanyoyin da bankuna da intanet suke kulle bayanan mutane. Haka nan lambobin da ake kira kompilek, waɗanda ɗalibai suke yi wa kallon tatsuniya a makon farko, da su injiniyoyi suke lissafin wutar lantarkin da take shigowa gidajenmu.

Misalin da ya fi damuna shi ne na logaritim, dabarar da ake gano tsawon lokacin da abu mai ƙaruwa zai ɗauka kafin ya ninka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mu ƴan Nijar mun haura miliyan 17, kuma muna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a kowace shekara. Ɗalibin terminal zai iya nuna maka cikin layi uku cewa da irin wannan ƙaruwa al'umma takan ninka cikin kimanin shekara 18. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin famfo da jarka a watan Afirilu a garin nan ya san abin da wannan adadi yake nufi. Bututun da aka auna domin mutanen yau zai kasa kafin jaririn da aka haifa bana ya kai terminal, kuma dole ne a samu wanda zai zauna ya lissafa yawan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, da faɗin bututu, da ƙarfin injin da zai tura shi. Idan ba ƴaƴanmu ne suka iya wannan lissafi ba, to za mu ci gaba da biyan wasu su yi mana shi. Matatar man fetur ta SORAZ tana nan arewa da mu a kan hanyar Tanut, tana aiki tun 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma ayyukan da suka fi daraja a irin wannan wuri na waɗanda suka ƙware a lissafi da fizik ne.

Sai dai babbar asarar a cikin makarantar kanta take. Daga cikin masu bak C ne ake sa ran samun waɗanda za su karanta lissafi a Jami'ar André Salifou ta nan Zinder ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, su dawo su koyar. Idan ajin ya bushe, malaman lissafi sun yi ƙaranci. Idan suka yi ƙaranci, sai a ɗora wa malamin kwantiragi da ya karanta wani fanni dabam nauyin koyar da lissafi a kolejin ƙauye, shi kuma ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Sakamakon yakan iso gabana a farkon kowace shekara. Na sha rubuta rabi a tara da sulusi a kan allo a ajin segon, in ga hannuwa sun tashi da amsar biyu bisa biyar, domin an tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Yaron da ya iso lise da wannan rauni ba zai iya bin darasin aljabra ba, zai yanke hukuncin cewa kansa ne ba ya ɗauka, ya gudu daga C, kuma bayan shekaru ƙaninsa ya sake rasa malami. Tsoron da ake gani a terminal tun daga ajin farko na kolej aka shuka shi.

Masu cewa zurfin lissafi baƙon abu ne a wurinmu su ma ina da ja da su. Malaman zaure da suke raba gado a Birni da Zango suna aiki da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, suna nemo asalin mas'ala, wato lambar ƙasa ta bai ɗaya, wanda shi ne daidai abin da nake roƙon ɗalibaina su yi kafin su tara rabi da sulusi. Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa aljabra ta samo sunanta a Bagadaza a ƙarni na 9, ya ware babban sashe na wannan littafi ga matsalolin gado da wasiyya. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina murabba'an lambobi, wato jadawalin da jimillar lambobin kowane layinsa take zama ɗaya, da masana tarihin lissafi suke nazari har yau. Shi kuwa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu, ya zama masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin hasken rana har rasuwarsa a 1991.

Kuma yaran da suka daure suka zauna a ajin suna nuna cewa ƙwazon yana nan. Wanda ya zaga unguwanni bayan sallar isha'i a watan Mayu zai tarar da su huɗu ko biyar sun jingina ɗan allon katako da bango ƙarƙashin fitilar titi, ɗaya yana riƙe da guntun alli, sauran suna gardama a kan inda alamar ragi ta ɓace, littafi ɗaya da ya sha hannu yana yawo a tsakaninsu. Ba su nemi kowa ya tausaya musu ba. Abin da suka rasa shi ne malamin da zai duba aikinsu da safe, da tabbacin cewa ajin nasu zai kai ƙarshen shekara.

Saboda haka roƙona ga hukumar ilimi ta jiha shi ne, inda ɗaliban C suka yi kaɗan a makarantu da yawa, a tattara su a lise guda a ba su ƙwararrun malamai, maimakon a bar kowace makaranta ta rufe nata ajin ta tura yaran D ba da son ransu ba. Waɗanda suka zo daga Mirriya ko Magariya ko Gure ko Matamaye suna bukatar masauki, kuma wannan abu ne da ƙungiyoyin iyaye da masu hali na garin nan za su iya ɗauka. Ina kuma roƙon a ware makonnin farko na segon domin gyara tushen da ya karye, ko da hakan zai jinkirta manhaja, kuma a bar malami ya yi bayani da Hausa idan ya ga Faransanci ne ya tsaya tsakanin yaro da fahimta.

Ga iyaye kuwa, kafin ku sa hannu a takardar zaɓin seri a ƙarshen wannan shekara, ku zo makaranta ku tambayi malamin lissafin ɗanku ko ƴarku abin da ya gani a takardunsu. Idan ya ce yaron zai iya, ku bar shi ya shiga C, ku rage masa aike da daddare, ku saya masa fitila mai caji da kwalin alli.

Na gode da wannan dama.

Wani malamin lissafi,
Unguwar Birni, Zinder.