Wa ya biya kuɗin fastocin nan?

Assalamu alaikum, Abba.

Da fatan kana lafiya, ya karatu? Mu nan kowa lafiya, ƙafar mahaifiyarka ma ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kullum sai "Baba zan kira ka, muna mitin."

Ƙanwarka ce ta nuna mini hotonka a Facebook, ka ɗaga hannu ka dunƙule, an rubuta "Kwamared" a gaban sunanka. Ashe takarar shugaban ƙungiyar ɗalibai kake yi, ni ne kuma na ƙarshen ji. Wannan na yafe. Abin da ya hana ni barci shi ne na sa ta buɗe mini sauran hotunan na duba da kyau: bango guda cike da fastoci masu kala, samari sanye da riguna iri ɗaya masu fuskarka, ga mota ɗauke da lasifika. Abba, na san abin da nake turo maka duk wata. Ko rabin rigunan nan ba zai saya ba. Wa ya biya?

An ce mini wani mai neman kujera ne ya tsaya maka, har gidansa kuke zuwa da dare. In ƙarya ce, ka faɗa mini in ji sanyi. In kuwa gaskiya ce, to ka sani kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin nan bai san darussan da kake ɗauka ba, bai kuma damu ya sani ba. Taron samari yake so ranar da zai buƙace su. Yau fasta ce, gobe zai ce ku fito ku tare hanya, jibi ku je ku tarwatsa taron abokin hamayyarsa, kai ne kuma a gaba tunda kai ne shugaba. Ranar da aka harba barkonon tsohuwa aka kulle makaranta, sunanka ne zai je gaban kwamitin ladabtarwa. Ka kira wayarsa a ranar ka ji ko za ta shiga. Ka kuma tambayi kanka ina nasa 'ya'yan suke karatu, ko ka taɓa ganin ɗayansu a rana yana riƙe da kwali.

Kada ka ɗauka tsoron tsufa ne ke magana. A 1978 ɗalibai sun fito zanga-zangar "Ali Must Go" kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, kuma suna da gaskiyarsu. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyarsu ta NUNS, aka tsare shugabanta Segun Okeowo, aka kore shi daga jami'a. Shi kuwa Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, da ake cewa sai ya sauka, daga baya ya zama sanata, har ya shugabanci jam'iyyar PDP. A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya. Waɗannan fa don kansu suka fito, ba wanda ya saye su, ka ga yadda ta ƙare musu. To ina ga wanda ya fito don aljihun wani? Abin da ya sami baffanka kuwa ba sai na tona ba, ka san har yau kakarka ba ta son a ambaci shekarar.

Na san za ka ce mini Malam Aminu Kano. Ni ma da sunansa na tashi. Amma Malam sai da ya gama karatunsa, ya koyar a Bauchi da Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU, kuma ba a taɓa jin wani mai kuɗi ya saye shi ba. Kai kana aji uku, da darussa biyu da ka faɗi a zangon da ya wuce, waɗanda ka ɓoye mini kana zaton ban sani ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye wa ɗalibai, shi ne kai kuma za ka ƙara wa kanka da hannunka? Ban sayar da abin da na sayar don ka zama ɗan amshin shatan wani ba. Wallahi raina ya ɓaci, Abba.

Ban ce ka bar siyasa har abada ba. Tun kana ƙarami ba ka iya ganin an zalunci wani ka yi shiru, kuma ina alfahari da wannan halin, ko da ban taɓa faɗa maka ba. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai, lokacinka na nan tafe. In ma wannan takarar kake so, yi ta da bakinka da abokan karatunka, kan ruwa da wuta da ɗakunan kwana, abubuwan da suka dami ɗalibai. Ko ka faɗi ba zan ji kunya ba. Amma kuɗin mutumin nan ka mayar masa, in ka riga ka kashe ka faɗa mini nawa ne, zan san yadda zan yi.

Mahaifiyarka ba ta san da zancen ubangidan nan ba, kada ka bari ta ji a bakin wani. Ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, ka fita daga cikin abokanka tukuna. In za ka zo hutu ka taho da takardar sakamakonka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.