Sanƙarau da Girman Taga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni magini ne. Duk bazara sanƙarau na ɗauke mana yara, kuma likitoci sun ce ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso marar iska. Madalla da rigakafin sanƙarau mai suna Men5CV, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa farawa a 2024. Amma har gobe mai gida cewa yake in tsuke taga kamar tafin hannu don gudun ɓarawo, alhali mutum takwas ne za su kwana ciki.

Don Allah malaman jami'o'inmu, masu binciken ƙwayoyin cuta da masu zanen gini da masana lissafi, ku haɗa kai ku auna mana tagar da ɗaki ke buƙata, ku faɗa a rediyo da Hausa.

Naku,
Wani magini, Gusau