Aikin gyaran ido da leza: abin da rahotonku bai faɗa wa masu karatu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi wa ma'aikatan wannan jarida fatan alheri, Allah ya ƙara basira.

Na karanta rahoton da kuka buga a shafin lafiya game da aikin da ake yi wa ido da leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, don mutum ya daina sa tabarau. Rahoton ya kyauta da ya nuna cewa aikin gaskiya ne kuma ba ya ɗaukar lokaci, sai dai a nan ya tsaya. Duk wanda ya karanta zai ɗauka abin da ya rage masa ya ajiye tabarau shi ne ya tara kuɗi ya kwanta na minti goma sha biyar. Ni an yi mini wannan aikin, kuma na gode wa Allah da yadda nake gani yanzu, saboda haka ba kushe na zo yi ba. Abin da ya dame ni shi ne, abin da ke kare idon mutum ba a cikin waɗannan mintoci yake ba. Yana cikin gwajin da ake yi kafin a taɓa idon, da bibiyar da ake yi bayan an taɓa shi, da wasu takardu da mutane ke yarwa ba tare da sanin amfaninsu ba. Masu tallar aikin a WhatsApp da Facebook ba sa faɗin waɗannan, to idan jarida ma ta yi shiru, wa zai faɗa?

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai da ya rufe baƙin ido, likitoci suna ce masa koniya. Kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, amma shi ke yin kusan kashi biyu bisa uku na aikin lanƙwasa haske ya sauka daidai a bayan ido. Idan ƙwayar idon mutum ta cika tsawo, ko wannan tantani ya cika tudu, sai hasken ya haɗu tun bai kai wurin da ya kamata ba. Shi ne za ka ga yaro yana karanta littafi lafiya lau amma rubutun allo dishi-dishi yake gani. Leza tana kankare wani ɗan yanki na tantanin ne ta sauya masa siffa, kuma abin da ta kankare ba ya tsirowa. Aikin masassaƙin turmi ne: yana iya ragewa, amma abin da gizago ya cire ba ya komawa. Gwargwadon ƙarfin tabaraun mutum, gwargwadon abin da za a kankare. Mai tabarau mai kauri sosai yana iya buƙatar a cire fiye da abin da idonsa zai iya bayarwa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani likita mai suna José Barraquer ya fara sassaƙa koniya da hannu a Bogota ta ƙasar Kolambiya tun kafin a san da leza a wannan fanni, daga baya Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya haɗa wannan dabara da leza wajen 1990. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar da ake kira PRK a 1995, LASIK ta biyo baya a ƙarshen waɗancan shekarun, sannan SMILE a 2016. A LASIK ana ɗaga wani siririn ɓawo daga saman koniya, a kankare ƙasansa, a mayar da ɓawon. A PRK ba a ɗaga komai, sai dai a goge fatar sama a yi aikin, a bar fatar ta sake rufewa da kanta. A SMILE ana yanka wani ɗan faifai a cikin koniyar a zaro shi ta ƙaramar kafa. Rahotonku LASIK kaɗai ya ambata, kamar ita ce kaɗai, alhali ba kowane ido ne ya dace da ita ba.

Nawa idon bai dace ba. Ranar gwaji an sa na ɗora haɓata a kan wata na'ura mai zobba na haske, ta zana taswirar idona mai launin kore da rawaya da ja. An auna kaurin tantanin, an auna ƙarfin hawayena, an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido aka leƙa har can baya, na fito rana tana kashe mini ido ba na iya karanta ko saƙon waya. Likitar ta juyo mini da taswirar ta ce, “Malam, koniyarka ba ta da kauri sosai. Idan na ɗaga ɓawo, abin da zai rage ƙasa ba zai ba ni kwanciyar hankali ba. PRK zan yi maka, amma ka sani za ka sha wuya kwanakin farko.” Haka kuwa aka yi. Shi aikin bai yi zafi ba, domin an kashe idon da maganin ɗigawa, an sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, aka ce in kalli wani ɗigon haske kada in kawar da kai. Na ji ƙarar na'urar tana tas-tas-tas, na kuma ji ƙauri irin na gashi idan ya ƙone. Wuyar ta zo ne bayan maganin ya sake ni: hawaye ba tsayawa, ido kamar an zuba barkono, ɗaki a rufe saboda ko hasken taga ba na so. Gani bai daidaita ba sai da aka ɗauki makonni. Wanda aka yi wa LASIK yakan wayi gari yana gani sarai, shi ya sa ake tallarta, amma wanda aka yi wa ita a kan tantanin da bai kai ba yana iya biyan wannan saurin da tsada.

Tare da ƙanena muka je, shi ma da niyyar a yi masa. Da aka duba taswirarsa sai likitar ta ce ba za ta taɓa shi da leza ba ko nawa zai biya. Yana da ciwon da ake kira keratokonas, inda koniya ke yin laushi tana tsirowa gaba kamar tsini. Idan aka kankare irin wannan ido, sai ya ƙara rauni ya ci gaba da turowa, gani ya lalace ta yadda tabarau ma ba zai gyara ba, wani har sai an kai ga dasa masa koniyar wani. Ransa ya ɓaci ƙwarai a ranar, ni kuwa har yau ina yi wa wannan baiwar Allah addu'a. An yi masa wani aikin daban na ƙarfafa tantanin da sinadarin ribofilabin da haske, don a tsayar da ciwon, yana nan da tabaraunsa yana harkokinsa.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Kowa ya san yaran nan da farin idonsu ke komawa ruwan ƙasa-ƙasa, kullum hannu a ido suna murzawa saboda ƙaiƙayi, musamman lokacin zafi da ƙura. Ƙanena yana cikinsu tun yana firamare. Likitoci sun tabbatar da alaƙa tsakanin wannan ƙaiƙayi mai naci, da yawan murza ido, da keratokonas. Yaran nan su ne ke girma su zama samari da 'yan mata masu canza tabarau kowace shekara, kuma su ne suka fi ɗokin a yi musu leza su huta. Canjin tabarau akai-akai kuwa shi kansa dalili ne na dakatawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce mutum ya kai shekara 18 aƙalla, kuma lambar tabaraunsa ta tsaya wuri ɗaya na tsawon shekara guda. Mai juna biyu da mai shayarwa su jira. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, da mai bushewar ido mai tsanani, duk ba a gaggauta musu.

Sai batun tafiya waje. Mutanenmu da dama suna zuwa Masar ko Indiya ko Dubai, kuma akwai ƙwararrun likitoci a can, ban musa ba. Matsalar tana wurin dillalan da ke haɗa biza da masauki da asibiti a farashi ɗaya, su tsara a yi gwaji da safe, a yi aiki da yamma, jibi a hau jirgi. Dillali ba ya samun la'adarsa idan likita ya ce a'a. Wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi ya tsallaka teku, shi ma ba ya son jin a'a. To ina gwajin zai samu damar yin aikinsa? Mai sa ledar ido ta gani, wadda ake mannawa a kan ƙwayar ido maimakon tabarau, dole ya cire ta kafin gwaji, mai laushi kamar mako biyu, mai tauri fiye da haka, domin tana danne koniya ta ɓata awo. Wa ya gaya masa wannan kafin ya tashi daga Kano? Bayan aiki kuma ana so likita ya ga idon washegari, ya sake gani bayan mako, sannan bayan wata ɗaya da wata uku. Daga cikin magungunan da ake ɗigawa akwai mai sitiroyid, wanda ke ɗaga wa wasu mutane matsin ido, wato matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ido, ba tare da sun ji komai ba. Idan mutum ya dawo gida da kwalbar maganinsa babu mai auna shi, ko ya ci gaba da saye a kyamis saboda yana jin daɗinsa, ɓarna tana iya faruwa a ɓoye. Wanda zai tafi ya fara samun likitan ido a gida da ya yarda zai karɓe shi idan ya dawo.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa ya bushe, shi ya sa bushewar ido ita ce koken da aka fi yi a watannin farko. A haɗa wannan da iskar hunturu da hazo, da hawa babur ba gilashi. Da za a tambaye ni, sai in ce a kauce wa tsakiyar hunturu. A kuma tambayi likita dalla-dalla yadda za a yi alwala a makon farko ba tare da ruwa ya shiga idon ba, da lokacin da mata za su koma sa kwalli. Wanda ke da waswasi game da ɗiga magani da rana a watan azumi, ya tsara aikinsa a wani watan, domin maganin ba ya jiran magariba. Direbobin dare su san cewa wasu suna ganin fitilar mota da kewayen haske bayan aikin. Yawanci yana raguwa, amma ba ga kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hawan jinin ido, ciwon da ke kashe jijiyar gani a hankali, wanda auna matsin ido ke taimakawa wajen gano shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido na biye da ita, kuma wannan na biyun ganin da ya ɗauke ba ya dawowa. Ya fi kama baƙar fata, ya fi kama su da wuri, kuma masu matsalar ganin nesa, wato mu da ake yi wa leza, suna cikin waɗanda ya fi barazana gare su. Na'urar auna matsin ido tana danna koniya ne ta ga ƙarfin turjiyarta. Idan an rage wa koniyar kauri, sai na'urar ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. Mutum yana iya zuwa asibiti bayan shekara goma sha biyar, a auna a ce masa lafiya lau, alhali jijiyar ganinsa tana mutuwa a hankali. Haka kuma idan tsufa ya kawo yanar ido aka zo cire ta a sa masa gilashin roba a cikin ido, lissafin ƙarfin gilashin yana rikicewa a idon da aka taɓa yi wa leza, sai likita ya san tarihin idon ya bi wata hanyar lissafi. Don haka duk wanda aka yi wa aikin ya karɓi taswirar idonsa ta kafin aiki, da lambar tabaraunsa ta da, da bayanin abin da aka yi masa, ya adana su tare da takardun gidansa. Kuma duk likitan idon da zai gani har ƙarshen rayuwarsa, ya fara gaya masa an yi masa leza, domin idon ba ya nuna alama ga wanda bai nema ba.

Akwai kuma dattawan da za su karanta rahotonku su ɗauka wannan aikin zai wanke musu yana, ko ya dawo da ganin da ciwon suga ya ci. Ba zai yi ba, waɗannan ciwuka ne daban da ke wasu sassan ido, maganinsu daban. Shi ma wanda aka yi wa aikin yana saurayi, idan ya haura 40 zai nemi tabaraun karatu kamar kowa, domin wannan tsufan ƙwayar cikin ido ne, leza ba ta hana shi.

Roƙona gare ku, ya Edita, ku sake komawa kan wannan batu. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, muna da sassan ido a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ku samu likitan da ba shi da na'urar da yake neman mayar da kuɗinta, ya zauna da wakilinku ya bayyana da Hausa waɗanda aikin ya dace da su da waɗanda bai dace da su ba, da tambayoyin da mutum zai yi kafin ya sa hannu a takardar amincewa: nawa ne kaurin koniyata, nawa za a cire, nawa zai rage, wa zai duba ni bayan wata uku, kuma idan gani bai daidaita ba wa zai ɗauki nauyin gyara. Idan kuma wani ya kawo muku tallar wannan aiki, ku sharɗanta masa ya rubuta a jikin tallar cewa ba kowane ido ake yi wa ba, sai bayan cikakken gwaji.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani malamin sakandare mai karanta jaridarku,
daga Katsina.