Katangar da ruwa ya ci, wa zai biya?

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana a kan rigimar da ke tashi tsakanin masu gida da 'yan haya bayan an miƙa makulli, domin ni ta ci ni.

Malamin firamare ne ni. Shekara huɗu na yi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, ina hayar ɗaki biyu a gidan ƙasa na wani dattijo. Na tarar da daɓen ya farfashe, ƙofar kuwa langa-langa ce. Da kuɗina na sayi siminti buhu shida na yi sabon daɓe, na sa ƙofar ƙarfe. Baba ya ce, "Yi abinka Malam, ma daidaita." Iyakar yarjejeniyarmu ke nan.

A damunar 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa ɓarna, katangar baya ta jiƙe ta zube. Da aka canza mini wurin aiki na kai makulli, sai Baba ya ce sai na tayar da ita, wai ni na bar magudanar ruwa ta toshe. Ni kuma na ce a biya ni simintina da ƙofata. Mutumin da muke sahu ɗaya da asuba, wanda matarsa ta yi wa iyalina wankan jego, muka koma ba ma ga maciji.

A zauren mai unguwa tambaya biyu aka yi mana: ina takarda, ina shaidu? Babu. Liman ya ce abin da ruwan sama ya rushe ba a ɗora wa ɗan haya sai in da sakacinsa. To wa zai tabbatar da sakacin? Ƙarshe na bar daɓe da ƙofa, na kuma biya rabin kuɗin magini.

Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su sa a riƙa rubuta haya a gabansu tun ranar shiga: yadda ɗaki yake, wa ke gyara, da makomar abin da ɗan haya ya kashe. A ɗauki hoto a waya. A ƙauye neman takarda kamar zargi ne, na sani, ni ma kunya ce ta hana ni. Amma aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka.

Da ƙaramar salla na kira Baba mu gaisa, gaisuwar ba ta wuce "lafiya lau" ba.

Wani malamin firamare, daga Jigawa