Wasiƙa zuwa Accra: Mece ce fadama?

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Haɗeja sai godiya, an shiga rani, kowa ya koma lambu.

Ka ce ɗanka ya tambaye ka dalilin da ya sa ake kiran unguwarku Fadama, alhali ba ya ganin komai sai siminti da kwanon rufi. Tambayar nan ta faranta mini rai, don yaron da ke bin asalin suna bai yi nisa da gida ba.

Ka faɗa masa kalmar tamu ce, Hausa ce tsantsa. Fadama ita ce ƙasar kwari ta bakin kogi ko tafki, wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina. In ya janye sai ya bar baƙar laka mai laushi, ga danshi da ke kai mutum har tsakiyar rani. Kishiyarta jigawa, wato tudu mai yashi inda gero da gyaɗa suka fi so, kuma daga nan jiharmu ta samo suna a 1991. Lambu kuwa aikin da ake yi ne a kan fadamar. Mutanen Sakkwato da Nijar su ce garka. Tumatir, albasa, tattasai, rake, alkama, duk 'ya'yan fadama ne.

Yadda ta je wurinku ba abin mamaki ba ne. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro zuwa Gwanja da Salaga, na bayansu suka gangara har bakin teku, suna kafa zango. Duk inda suka ga ƙasa mai kwanciyar ruwa, da sunan gida suke kiranta. Dubi unguwar Tsohuwar Fadama ta nan Accra, a bakin kogin Odaw da tafkin Korle take. Yau har Bankin Duniya ya ɗauki kalmar yadda take, ya sa wa shirin noman rani da ya tallafa a Najeriya.

Abin da nake so yaron ya gane shi ne, albarkar fadama daga ambaliya take. Taki na taimakawa, amma ba shi ke yin ta ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ruwan da ke malala tsakanin nan da Nguru ya sauya hali. Wani wuri ya bushe ya zama fako, wani kuma ruwa ya ƙi tafiya, ciyawar kacalla ta cinye shi, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka suna far wa shinkafa. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya ƙwarai.

In Allah ya kawo ku hutu, ka zo da shi kafin a cire albasa, in kai shi ya taka ƙasar da ƙafarsa. A gaida mutanen gida duka.

Naka har kullum,
Abokinka na Haɗeja