Kafin a ɗora wa kyamara laifi a taron bidiyo

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da abokan sana'ata masu ɗaukar hoto, da malamai da 'yan kasuwa da suka fara jona kyamara marar madubi (wato mirrorless, kyamarar ɗaukar hoto ta zamani da ake sauya wa lens) a kwamfuta don yin taro ta Zoom. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kawo mini irin wannan kyamara shago ana cewa ta lalace ko mai sayarwa ya yi ha'inci, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Wannan dabara ta yaɗu ne a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da kamfanin Canon ya fitar da manhajar EOS Webcam Utility, Sony ya fitar da Imaging Edge Webcam, Nikon da Fujifilm su ma suka bi sahu, duk manhajoji ne da ke kai hoton kyamara zuwa kwamfuta ta wayar USB. Sai dai akasarin bayanan da ake samu kan haɗa su an yi su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuwa a Katsina kowa ya san halin da muke ciki.

Ni kaina sai da abin ya ci ni. A watan Afrilun bara ƙanena yana da ganawar neman gurbin karatu, na haɗa masa kyamarata, hoto ya fito tas har ana ganin zaren aikin hularsa, amma ana tsakiyar yi masa tambaya sai fuskarsa ta ɓace, allon ya yi baƙi ƙirin. Da na taɓa jikin kyamarar sai na ji ta kamar dutsen guga. Zafi ne ya sa ta kashe kanta don kada ta ƙone, domin ƙaramin jikinta ba shi da fanka, ga shi a wannan watan zafin garinmu yakan haura digiri 40. Tun daga ranar nake janye allon bayanta daga jikinta, in sa ƙaramar fanka ta riƙa hura mata iska, in kuma sauke ingancin hotonta daga 4K zuwa 1080, tunda intanet ɗinmu ma ba zai iya ɗaukar fiye da haka ba. Masu Sony su duba saitin da ke ƙayyade zafin da za ta kai kafin ta kashe kanta, su ɗaga shi. Batirin ma yana ƙara mata zafi, ga saurin ƙarewa, shi ya sa na koma ga ƙoƙon batir mai waya, wato batirin bogi da ake sa wa a gurbin na gaske, wanda nake jonawa a ma'ajiyar caji ko inbata, don kada ɗauke wuta ta yanke taron.

Akwai kuma matsalar da ta fi ruɗa mutane, wato baƙaƙen layuka da ke gangarowa a kan hoto idan an kunna fitilar ɗaki. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kuma kyamarori da yawa na hannu da ake shigo da su suna zuwa ne da saitin can. A mayar da ita daga NTSC, tsarin bidiyo na Amurka, zuwa PAL, irin namu, a sa saurin shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara a kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa, sai layukan su tafi. Idan da ƙaramin janareta ake aiki suna iya dawowa, domin juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, a nan gara a buɗe taga a zauna ana fuskantar hasken rana.

Idan kwamfuta ta ƙi ganin kyamarar kwata-kwata, a fara zargin waya. Wayoyin USB masu araha da yawa caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. Mai Canon ya kashe Wi-Fi na kyamarar, ya kuma rufe EOS Utility, wata manhajar Canon ta daban da ke sarrafa kyamara daga kwamfuta, saboda manhajoji biyu ba sa riƙe kyamara ɗaya a lokaci guda. A kashe saitin da ke sa ta barci bayan 'yan mintuna. Wanda ke amfani da na'urar kama hoto ta HDMI kuma, wadda ke kai hoton kyamara kwamfuta a madadin waɗancan manhajoji, ya cire rubuce-rubucen da ke kan allo, in ba haka ba mahalarta za su riƙa kallon alamar batir a goshinsa.

Game da murya, waɗannan manhajoji na USB hoto kawai suke kaiwa, don haka dole a tanadi makirfo daban. Ina ba da shawarar a kira wani ɗan'uwa a gwada komai na tsawon lokacin da taron zai ɗauka, kuma a daidai sa'ar da za a yi shi, domin kyamarar da ta jure awa guda bayan sallar Asuba ba lallai ba ne ta jure minti ashirin bayan Azahar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.